Tarihin Wasiyyar Jinya: Yadda Majiyyaci Ya Sami Ta Cewa a Kan Ƙarshen Rayuwarsa

Gabatarwa

Wasiyya tsohuwar aba ce a wurin 'yan Adam. Tun zamanin da, idan mutum ya ji jiki ya ƙi, ya kuma ga alamar ciwon ba na tashi ba ne, yakan tara iyalinsa ya gaya musu ajiyar da ke hannunsa, da bashin da ake bin sa, da wanda shi yake bi, da kuma wanda zai riƙe masa marayu. Amma duk wannan magana ce ta abin da za a yi bayan rai ya yi halinsa. Akwai wata irin wasiyya kuma dabam, wadda ba ta bayyana ba sai a cikin rabin ƙarshe na ƙarni na ashirin. Ita ta shafi abin da za a yi wa mutum shi kansa sa'ad da yake da sauran numfashi amma ba shi da bakin magana. Za a ɗora shi a kan na'urar numfashi? Idan zuciyarsa ta tsaya, za a yi ta danna ƙirjinsa don a tashe ta? A asibiti yake so ajali ya same shi, ko a ɗakinsa? Wane ne kuma zai ba da amsa a madadinsa? A cikin wannan lacca za a kira wannan abu wasiyyar jinya.

Tarihinta ya fi ƙarfi a Amurka, domin a can aka haife ta, a can aka yi shari'o'inta, a can kuma aka fara gane iyakarta. Abin da tarihin ya nuna shi ne, an fara da zaton takarda mai sa hannu za ta warware matsalar, aka ƙare da gane cewa takarda ba ta da ƙarfi sai idan zance ne ya haife ta, watau zance tsakanin majiyyaci da iyalinsa da likitansa, tun da sauran hankali a jika.

Na'urar da Ta Sauya Al'amari

Kafin a fahimci dalilin wannan wasiyya, wajibi ne a san abin da ya jawo bukatarta. A cikin shekarar 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kwapanhegan na ƙasar Danmak. Cutar takan kashe jijiyoyin numfashi, har yaro ya kasa jan iska. Daga cikin mutum 31 na farko da aka kai asibitin Blegdam da irin wannan hali, 27 suka rasu. Sai wani likita mai aikin sa barcin tiyata, Bjorn Ibsen, ya ba da shawara a huda maƙogwaro a sa bututu, a riƙa tura iska cikin huhu da jakar roba. Ranar 27 ga Agusta aka gwada a kan wata yarinya 'yar shekara 12, ta kuwa rayu. Da yake babu na'urorin da za su yi aikin, sai aka ɗauko ɗaliban koyon likitanci kimanin 1,500, suna karɓa-karɓa dare da rana, kowa yana matsa jaka da hannunsa. Mace-mace suka ragu da fiye da rabi. A shekara ta gaba Ibsen ya buɗe ɗakin kulawa ta musamman, wanda aka fi ɗauka a matsayin irinsa na farko a duniya.

A shekarar 1960 kuma waɗansu masana uku a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo suka nuna cewa ana iya tashin zuciyar da ta tsaya ta hanyar danna ƙirji, ba sai an tsaga shi ba. Waɗannan dabaru biyu sun ceci rayuka bila adadin. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Dabarar da aka ƙago domin yaro mai shan inna, ko domin mai sauran ƙarfi wanda zuciyarsa ta tsaya kwatsam, sai ta zama ƙa'ida a kan kowa, har da tsohon da ciwon daji ya riga ya cinye. Mutuwa, wadda a da ake zaman jiranta, ta zama abin da ake iya ja wa lokaci kwana da kwanaki, wani jikon wata da watanni. Da zarar an kunna na'ura kuwa, tilas wata rana a sami wanda zai ce a ci gaba ko a tsaya.

Tun 1957 likitoci suka kai wannan tambaya gaban Paparoma Pius na 12. Ya amsa musu cewa abin da ya wajaba a kan mutum shi ne neman magani ta hanyoyin da aka saba, kuma ba a ɗora wa majiyyaci ko iyalinsa nauyin hanyoyin da suka wuce kima ba. A 1968 wani kwamiti na Jami'ar Habad ya shimfiɗa sharuɗɗan gane mutuwar ƙwaƙwalwa. Wannan ya yi maganin matsalar wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu ɗungum, amma ya bar ta wanda yake tsakanin rai da mutuwa.

Zamanin da Likita Ke da Wuƙa da Nama

A wancan zamani ba a tambayar majiyyaci ra'ayinsa, domin galibi ma ba a gaya masa abin da ke damunsa. Wani bincike da aka buga a 1961, wanda aka yi a kan likitoci 219 na wani asibiti a Shikago, ya nuna cewa kimanin kashi 90 cikin ɗari nasu ba sa gaya wa mai ciwon daji sunan cutarsa. Suna ganin tausayi ne su ɓoye. Da aka sake yin irin tambayoyin aka buga sakamako a 1979, sai aka tarar kashi 97 cikin ɗari sun fi son su faɗa. Cikin shekara 18 kacal al'ada ta juya gaba ɗaya. Wannan juyi shi ne tushen duk abin da ya biyo baya, gama wanda bai san halin da yake ciki ba, ba shi da abin da zai yi wasiyya a kai.

Mutum biyu suka nuna hanyoyi biyu a cikin shekara guda, watau 1967. Na farko wani lauya ne na Shikago mai suna Luis Kutner. Hujjarsa ita ce, tun da doka ta hana likita ya taɓa jikin mutum ba da yardarsa ba, to mutum yana iya rubuta iyakar yardar tasa tun yana da lafiya, rubutun ya tsaya masa ranar da ya kasa magana. Ya kira takardar wasiyyar mai rai, ya kuma buga bayaninta a wata mujallar shari'a a 1969. Ya fara gabatar da shawarar ne a gaban wata ƙungiya mai fafutikar a halatta gaggauta mutuwar wanda ciwo ya gallaba, shi ya sa tun daga farko masu addini da yawa suka yi wa takardar kallon tuhuma.

Ta biyu kuwa wata Baturiyar Ingila ce, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya, ta koma aikin kula da jin daɗin majiyyata, daga baya ta zama likita. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher a kudancin Landan, domin waɗanda magani ya gaza a kansu. Ta koyar da cewa zafin mai ciwon ajali ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da na damuwar iyali, da na ruhi, kuma a riƙa ba da maganin kashe zafi a kan lokaci, kada a jira sai majiyyaci ya yi kururuwa. Ita ba ta yarda da gaggauta mutuwa ba ko kaɗan. Aikinta ya nuna cewa idan aka daina yaƙi da cuta, akwai sauran aiki mai yawa da za a yi wa mai cutar. Kutner ya kawo takarda, Saunders ta kawo zama kusa da gado da sauraro. Amurka ta fara bin hanyar takarda.

Shari'ar Karen Quinlan

Ranar 15 ga Afrilu, 1975, wata budurwa 'yar shekara 21 a Jihar Niyu Jasi, mai suna Karen Ann Quinlan, ta faɗi, numfashinta ya tsaya na wani lokaci. Aka kai ta asibiti aka ɗora ta a kan na'ura, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta lalace, ta shiga dogon suman da ba a farfaɗowa. Bayan watanni, iyayenta, waɗanda 'yan ɗarikar Katolika ne masu riƙo da addini, suka shawarci limaminsu, sa'an nan suka roƙi a cire na'urar. Likitoci suka ƙi, don tsoron kada a tuhume su da kisan kai. Uban ya kai ƙara, alƙalin farko ya ƙi ba shi gaskiya. Ranar 31 ga Maris, 1976, Kotun Ƙoli ta jihar ta yanke cewa Karen tana da haƙƙin ƙin magani, kuma ubanta yana iya amfani da wannan haƙƙi a madadinta.

Akwai abu biyu abin lura a cikin wannan shari'a. Na ɗaya, an kawo shaidar cewa Karen ta taɓa faɗi a cikin hira cewa ba za ta so a riƙe ta da na'ura ba, amma kotu ta ce maganar hira ce kawai, ba ta isa hujja ba. Na biyu, da aka janye na'urar sannu a hankali, sai Karen ta ci gaba da numfashi da kanta. Ta yi shekara tara a haka, ana ciyar da ita ta bututu, sai a watan Yuni na 1985 ciwon huhu ya yi ajalinta. Wannan ya nuna wa likitoci da alƙalai cewa saninsu game da ranar mutuwa ƙalilan ne, kuma janye na'ura dabam yake da kisa.

Labarin ya girgiza Amurka. A watan Satumba na 1976 Jihar Kalifoniya ta zama ta farko da ta ba wasiyyar mai rai ƙarfin doka. Amma dokar cike take da ɗari-ɗari. Takardar ba ta ɗaure likita sai idan an sa mata hannu bayan kwana 14 da gaya wa mutum cewa ciwonsa na ajali ne, kuma takan mutu bayan shekara biyar. Da a ce Karen tana Kalifoniya, da dokar ba ta amfane ta da kome ba, domin ita ba wanda ya ba ta kwana 14. Saboda irin wannan giɓi, a 1983 jihar ta sake yin wata doka, wadda ta ba mutum damar naɗa wakili da zai yanke masa shawarar jinya idan hankalinsa ya gushe. Wannan ci gaba ne babba, gama takarda ba ta iya hango kowane hali, amma wakili mai rai yana iya sauraron likita ya auna.

Shari'ar Nancy Cruzan da Dokar 1990

Ranar 11 ga Janairu, 1983, mota ta kife da wata mace 'yar shekara 25 a Jihar Misuri, mai suna Nancy Cruzan. Aka tashi zuciyarta, amma ita ma ta shiga dogon suma. Tana numfashi da kanta, bututun abinci ne kaɗai ke riƙe da ita. Bayan shekaru iyayenta suka nemi a cire shi. Jihar ta ce sai an kawo hujja bayyananniya cewa abin da Nancy da kanta za ta so ke nan. Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda ranar 25 ga Yuni, 1990, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta amince cewa mai hankali yana da 'yancin ƙin magani, amma jiha tana da ikon neman hujja mai ƙarfi kafin a bi maganar dangi. Iyayen suka fito ba su sami biyan bukata ba. Sai dai yaɗuwar labarin ta sa waɗansu tsofaffin abokan aikin Nancy suka fito suka ba da shaidar abin da ta taɓa gaya musu. Da wannan shaida alƙalin gunduma ya ba da izni, aka cire bututun ranar 14 ga Disamba, ta cika ranar 26 ga watan, kusan shekara takwas bayan haɗarin.

Darasin da jama'a suka ɗauka shi ne, wanda bai rubuta ba ya bar iyalinsa da zaryar kotu. A cikin shekarar nan ta 1990 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da doka, wadda ta fara aiki a Disamba na 1991, ta tilasta wa duk asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ya tambayi kowane baligi da aka kwantar ko yana da wasiyyar jinya, ya kuma sanar da shi haƙƙinsa. Aka yi zaton an kai gaci.

Inda Takarda Ta Gaza

Ba a jima ba gaskiya ta yi halinta. Tambayar da doka ta tilasta ta faɗa hannun akawun da ke karɓar majiyyata, ta zama layi guda a cikin takardun da ake cikewa a bakin ƙofa. A 1995 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitocin koyarwa biyar, a kan majiyyata 9,105 masu ciwo mai tsanani. Daga cikin waɗanda ba sa son a tashi zuciyarsu idan ta tsaya, kashi 47 cikin ɗari ne kawai likitocinsu suka san haka. Kashi 38 cikin ɗari na waɗanda suka rasu sun yi aƙalla kwana goma a ɗakin kulawa ta musamman. Rabin waɗanda suka rasu a asibiti da hankalinsu, in ji iyalansu, sun sha zafi mai yawa a kwanakinsu na ƙarshe. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, a kashi na biyu na binciken an sa ma'aikatan jinya na musamman su riƙa kai wa likitoci labarin abin da majiyyata ke so, amma ba abin da ya sauya.

Dalilan gazawar sun fito fili daga baya. Mutane da yawa ba su rubuta ba. Waɗanda suka rubuta, takardar tana gida a cikin akwati ranar da ake nemanta da tsakar dare. Idan an same ta, kalmominta sukan yi faɗi ƙwarai: mutum ya ce ba ya son a wahalar da shi idan babu sa rai, amma wa zai ce yau ne sa rai ya ƙare? Wakilin da aka naɗa kuma sau da yawa ba a taɓa zama da shi an gaya masa kome ba. Daɗin daɗawa, ra'ayin ɗan Adam yana sauyawa. Abin da mai lafiya ya rantse ba zai iya jurewa ba, idan ya same shi yakan ga ashe rayuwa tana da sauran daɗi.

Shari'ar Terri Schiavo ta Jihar Fulorida ta nuna mafi munin abin da rashin zance ke haifarwa. Ta faɗi a 1990 tana da shekara 26, ba ta bar rubutu ba. Mijinta ya ce ta gaya masa ba ta son a riƙe ta a haka, iyayenta suka ce ba haka ba ne. Aka yi shekara bakwai ana shari'a, har Majalisar Dokoki da Shugaban Ƙasa suka sa baki, kafin ta rasu ranar 31 ga Maris, 2005. Zumunci kuwa ya riga ya tarwatse.

Garin da Ya Koma ga Zance

Ana cikin haka, wani ƙaramin gari a Jihar Wiskonsin, mai suna La Crosse, ya bi wata hanya. Wani malamin ɗa'ar aikin likita a asibitin garin, Bernard Hammes, ya gaji da ganin iyalai a tsaye cirko-cirko a bakin gado, ba wanda ya san abin da tsohonsu yake so. Daga 1991 asibitocin garin suka haɗa kai, suka horar da ma'aikatan jinya da limamai da waɗansu ma'aikata yadda za su zauna da mutum tare da wanda ya zaɓa ya wakilce shi. Ba da maganar na'ura ake farawa ba. Ana tambayar mutum me ya fahimta game da ciwonsa, me yake tsoro, wane abu ne idan ya rasa shi rayuwa ta daina yi masa ma'ana, wace irin mutuwa ya taɓa gani a danginsa, kuma me ya koya daga gare ta. Bayan an yi wannan sai a rubuta, a sa takardar a cikin fayil ɗinsa na asibiti, a kuma sake duba ta duk lokacin da jiki ya sauya. Da aka bincika mutum 540 da suka rasu a yankin tsakanin 1995 da 1996, aka tarar kashi 85 cikin ɗari suna da rubutacciyar wasiyya, kusan dukkansu tana cikin fayil, kuma kusan a kowane hali an bi abin da ta ce.

An gwada wannan tsari a wani asibiti a Malbon ta Ostareliya, aka buga sakamako a 2010. Aka raba tsofaffi 309 masu shekara 80 zuwa sama gida biyu, aka yi zaman shawara da kashi ɗaya, aka bar ɗayan a kan yadda aka saba. Daga cikin waɗanda suka rasu cikin wata shida, an san abin da suke so an kuma bi shi a kashi 86 cikin ɗari na rukunin farko, a rukuni na biyu kuwa kashi 30 kawai. Iyalan rukunin farko kuma sun fi samun kwanciyar rai bayan rasuwar. Ashe wasiyyar jinya tana yi wa masu rai aiki kamar yadda take yi wa mai tafiya, domin tana sauke wa ɗa nauyin zargin kansa cewa shi ya sa aka ƙyale mahaifinsa.

Duk da haka muhawara ba ta ƙare ba. A 2009, da aka so gwamnatin Amurka ta riƙa biyan likitoci ladan irin wannan zama, 'yan siyasa suka yi ca, suka ce kwamitin yanke wa tsofaffi hukuncin mutuwa ake shirin kafawa, aka janye, sai a 2016 aka fara biya. Wani nazari na 2017 ya nuna kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na baligan Amurka suka rubuta wasiyyar. A 2021 kuma waɗansu manyan likitoci uku na fannin suka rubuta cewa bincike na shekaru da yawa bai tabbatar da cewa shirin da aka yi tun da nisa yana sauya abin da ke faruwa a bakin gado ba. Shawararsu ita ce a fi mai da hankali ga naɗa wakili, da kuma zancen da ake yi sa'ad da ciwo ya riga ya bayyana, ana ganin hanyar da ya nufa.

Ingila da Ƙasashen Musulmi

A Ingila, shari'ar Tony Bland ce ta buɗe ƙofa. Saurayi ne da aka danne a turmutsitsin filin ƙwallo na Hillsborough a 1989, ya shiga dogon suma, har a 1993 alƙalan Majalisar Dattawa suka halatta a daina ciyar da shi ta bututu. Dokar da aka yi a 2005, ta fara aiki a 2007, ta tabbatar da cewa ƙin magani da mutum ya rubuta tun yana da hankali yana ɗaure likita, idan ya dace da halin da ake ciki, kuma mutum yana iya naɗa wakilin jinya.

Malaman Musulunci ma na'ura ta kai musu tambaya. A taronta na birnin Amman a 1986, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ba kuma za ta dawo ba, ya halatta a cire na'ura. A shekarar 1409 bayan Hijira kwamitin fatawa na Saudiyya ya ba da fatawar cewa idan ƙwararrun likitoci uku amintattu suka haɗu a kan cewa tashin zuciya ba zai yi amfani ba, babu bukatar a yi shi. A nan akwai bambanci da tafarkin Amurka: can an ɗora hukunci a kan zaɓin majiyyaci, nan kuwa a kan sanin likita. Amma malamai sun haɗu a kan raba abu biyu, watau barin maganin da ba shi da fa'ida, wanda ya halatta, da gaggauta mutuwa da gangan, wanda ya haramta.

Inda Tarihin Ya Taɓo Nijeriya

Nijeriya ma tana da nata shafin. A 1991 wata mai jego, mabiyar ɗarikar Shaidun Jehobah, ta ƙi yarda a ƙara mata jini, ta kuma ba likita takarda mai sa hannunta a kan haka. Likitan, Dokta Okonkwo, ya bi maganarta, ya yi mata iyakar abin da zai iya ba tare da jini ba, ta rasu a Inugu. Kotun ladabtar da likitoci ta same shi da laifi, amma a 2001 Kotun Ƙolin Nijeriya ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da haƙƙin ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ke akwai, da haƙƙinsa na ƙi, cikin harshen da yake ji, sai fa idan akwai hujja mai ƙarfi cewa sanarwar za ta cuce shi.

A ƙasar Hausa shirin tafiya ba baƙon abu ba ne. Fiƙihun Malikiyya ya san ciwon ajali, har ya taƙaita kyautar mai irin wannan ciwo ga sulusin dukiyarsa. Tarihin Musulunci ya adana yadda Sayyidina Abubakar ya naɗa magajinsa yana kan ciwon ajali, da yadda Sayyidina Umar, bayan an soke shi, ya sa a lissafa bashinsa, ya kuma aika neman iznin Nana A'isha a binne shi kusa da abokansa biyu. Tsoho Bahaushe yakan nemi gafarar iyali, ya faɗi wanda zai yi masa salla. Abin da wannan al'ada ba ta riga ta ƙunsa ba shi ne maganar jinyar kanta. Sau da yawa likita yakan ja babban ɗa gefe ya gaya masa gaskiya, a ɓoye wa mai ciwon, domin ana ganin ambaton mutuwa a gabansa mugun baki ne. Daga nan sai a shiga sayar da gona da shanu, ana yawo da tsoho daga wannan asibiti zuwa wancan, ko kuwa a ɗauke shi a koma gida ba maganin kashe zafi, alhali ba wanda ya tambaye shi wanne ya fi so. A nan yawanci kuɗi da nisan asibiti ne ke yanke hukunci, ba yawan na'ura ba, amma ciwon guda ne: mai jikin shi ne na ƙarshe da ake ji daga bakinsa.

Kammalawa

Daga jakar robar Kwapanhegan zuwa zaman shawarar La Crosse shekara 39 ne. A cikinsu aka ƙago na'ura, aka ƙago takarda don a yi wa na'urar linzami, aka yi dokoki don a ba takardar ƙarfi, daga ƙarshe aka gano cewa abin da ya fi amfani shi ne abu uku masu sauƙi. A gaya wa majiyyaci gaskiya gwargwadon yadda yake son ya ji. Ya zaɓi wanda zai yi magana da yawunsa, ya kuma zauna da shi a gaban sauran iyali, don kada a yi jayayya daga baya. A rubuta abin da aka cim ma, a ajiye shi inda likita zai gani, a sake dubawa idan jiki ya sauya.

Wannan aiki yana jiran ɗaliban da za su zama likitoci da lauyoyi da malamai, da ma'aikatan da ke tsara dokokin asibiti, kuma babu wani sashe nasa da ke bukatar na'ura mai tsada. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Iyayen Nancy Cruzan sun yi shekaru suna neman shaidar maganar da 'yarsu za ta iya gaya musu a zama guda, da a ce an taɓa tambayarta.